Man Giya da Zafin Giya a Hilux da Sauran Fikof Masu Dizal: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu fikof da direbobi ke ta maimaitawa a gareji da shagunan mai, musamman waɗanda suka bar mota mai kuloci suka koma otomatik. Yawancin misalan na Toyota Hilux ne, domin ita ta cika hanyoyinmu daga Kano har Agadas, amma an taɓo sauran motoci inda ya dace. Duk lissafin zafi a ma'aunin Selsiyas yake, sai inda aka faɗi akasin haka.

1. Me man giya yake yi da har ake ta surutu a kansa?

A mota mai kuloci aikinsa kaɗan ne: ya shafe haƙoran giya da boris don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. A otomatik kuwa shi ne komai. Tsakanin inji da giya akwai wani ƙullin ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kife wa juna, kanikawa na ce masa kwambata. A cikinsa fanka ɗaya ke watsa mai, man ya bugi fanka ta biyu ya juya ta. Wato da mai ake tura motar. Man ne kuma ke matse faifan kulocin da ke cikin giya duk lokacin da za ta canza, shi ke shafe ƙarafa, shi ke kwashe zafi ya kai lagireto.

Shi ya sa man da bai dace ba yake ɓata yadda mota ke canza giya tun kafin ya kai ga cin wani ƙarfe.

2. Mai shago ya ce min jan mai duk ɗaya ne. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan maganar ta kashe giya da yawa. Jan launin rini ne kawai, ana zuba shi don idan mai ya ɗiga a ƙasa a gane ba baƙin mai ba ne. Duba sunayen man otomatik, wanda ake kira ATF: Toyota T-IV ja ne, Toyota WS ja ne, Dexron ja ne, Mercon ja ne, ATF+4 ma ja ne, amma babu wanda aka yi don ya maye gurbin ɗan'uwansa haka kawai.

Abu biyu ne suka raba su. Na farko kauri: WS da Dexron VI da Mercon LV sun fi tsofaffin mai tsinkewa, saboda sababbin giya ƙofofin mansu ƙanana ne kuma ana son rage shan mai. Na biyu sinadaran da ke daidaita santsi. Kowace giya an tsara faifanta su kama da wani gwargwadon santsi, kwamfutar motar kuma da shi take lissafi. Idan santsi ya yi yawa, faifai su riƙa zamewa suna ƙonewa. Idan ya yi kaɗan, giya ta riƙa dukan mota in za ta shiga, ko ka ji karkarwa a gudun kilomita 60 zuwa 80. Saboda haka kada ka shiga shago ka ce a ba ka jan mai. Faɗi lambar da motarka ke sha.

3. To wane mai Hilux ɗina take sha?

Shekarar mota ba ta isa amsa ba, sai an san giyar da ke cikinta. Hilux ɗin da ake kira Vigo, wadda aka yi daga wajen 2005 zuwa 2015 da injin 2KD mai lita 2.5 ko 1KD mai lita 3.0, ta zo da otomatik iri biyu. Mai hawa huɗu, dangin A340, tana shan Toyota ATF Type T-IV kuma tana da gejin duba mai. Mai hawa biyar, A750F, tana shan ATF WS. Revo, wadda ta fara fitowa a 2015 da injin 2GD mai lita 2.4 ko 1GD mai lita 2.8, tana da AC60 mai hawa shida, ita ma WS, kuma ba ta da geji.

Lambar giya tana jikin allon bayanan mota da ke kan ginshiƙin ƙofa ko cikin gidan inji. Idan akwai geji, zaro shi ka duba, galibi an buga sunan man a jikinsa. A waɗanda ba su da geji, sau da yawa za ka ga WS a kan notin da ake zuba mai ta cikinsa. Kamfanin Aisin ne ke ƙera waɗannan giyoyin, kuma yana sayar da nasa man. A jikin galan na wasu kamfanoni, JWS 3309 na nufin daidai da T-IV, JWS 3324 kuma daidai da WS.

Abin lura ga mai motar hannu: mai yiwuwa giyar da ke ciki ba ta asali ba ce, wani ya taɓa sauke ta ya ɗora ta Beljiyam. A nan abin da ke rubuce a jikin giyar ne hujja, ba na ƙofa ba.

4. Tawa ba Toyota ba ce fa?

Ford Ranger mai hawa shida, giyar 6R80, Mercon LV take sha. Mai hawa goma, 10R80, sai Mercon ULV, wanda ya fi LV tsinkewa sosai, kuma ba a haɗa su. Nissan Navara D40 mai hawa biyar da Matic J ta fito, daga baya Matic S ya maye gurbinsa.

Manyan fikof na Amurka da ke shigowa jefi-jefi kowace da nata. Ram mai injin Cummins da giyar 68RFE na shan ATF+4, amma idan giyar Aisin AS69RC ce a cikinta, man Mopar ASRC ne nata, ko da yake inji ɗaya ne, jiki ɗaya ne. Chevrolet da GMC masu injin Duramax da giyar Allison 1000 sun koma Dexron VI daga 2006, masu ja da kaya da yawa kuma suna zuba man da ke da amincewar Allison ta TES 295 ko wadda ta gaje ta, TES 668. Ford Super Duty mai giyar 6R140 Mercon LV ce. Wanda ya sayi irin waɗannan gara ya ajiye galan ɗaya a gida, don ba kowane shago ke da su ba.

5. Zan iya zuba WS a mota mai T-IV, tunda shi ne sabo?

Toyota ta ce a'a, kuma akasin hakan ma a'a. Sabo ba ya nufin ya haɗiye tsoho. Tsohuwar giya mai hawa huɗu da ta yi kilomita dubu ɗari uku ta riga ta saki, man da ya fi tsinkewa zai iya sa matsin mai ya ragu idan ta yi zafi. T-IV a cikin giyar WS kuma yana canza yadda kulocin cikin kwambata ke kamawa.

Akwai man da ake rubuta wa cewa ya dace da motoci iri-iri. Na manyan kamfanoni ba su da laifi idan lambar motarka na cikin jerin da ke bayan galan, mutane da yawa suna amfani da su lafiya. Sai dai a gane cewa kamfanin man ne ke cewa ya dace, ba kamfanin motar ba. Ni dai idan na asali yana samuwa kuma na yarda da mai sayarwa, shi nake ɗauka. Idan mai ya zube a daji kuma babu zaɓi, duk man otomatik da aka samu ya fi tafiya babu mai, amma da an isa gari a sauke shi kamar yadda tambaya ta 18 ta bayyana.

6. Dexron III da ya cika kasuwa fa?

General Motors ta daina ba da lasisin Dexron III tun ƙarshen 2006. Duk galan da ka gani yau da wannan suna, babu mai sunan da ke duba abin da ke ciki, amanar kamfanin da ya haɗa shi kawai ka dogara da ita. Yana da amfani a tsofaffin motocin da littafinsu ya ce Dexron II ko III, da kuma famfon sitiyari na motoci da yawa. A giyar WS ba shi da wuri.

7. Mai kuloci ce tawa. Kowane man giya mai kauri zai yi?

Nan ma akwai tarko. Man aksul na baya ajin GL-5 ne, an cika shi da sinadaran sulfa da fosfaras don ya jure matsin haƙoran aksul. Cikin giya mai kuloci kuwa akwai zobba na tagulla waɗanda ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, kuma su da ɗan kamu suke aiki. GL-5 yakan yi musu santsi da yawa, sai ka ji giya ta biyu tana ƙarta da safe. Don haka idan littafi ya ce GL-4, a zuba GL-4. Tsohuwar mai hawa biyar ta Vigo 75W-90 take sha, mai hawa shida ta Revo kuma 75W mai tsinkewa. Man 140 mai kaurin zuma da wasu kanikawa ke zubawa wai don ya kashe ƙara, na aksul ɗin manyan motoci ne. Ƙarar za ta ɓuya, boris ɗin da ya lalace yana nan.

Ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya a mota mai ja da ƙafa huɗu tana da nata mai daban, kuma ita aka fi mantawa.

8. Yaya zan gane jabu?

Da ido kaɗai yana da wuya, masu jabu sun iya aikinsu, wani lokaci ma galan na asali suke sake cikawa. Duba hatimin murfi, duba ko rubutu ya yi dishi-dishi, duba lambar da aka buga ta ranar haɗawa ko tana gogewa da yatsa. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba sa'a ba ce. Mafi sauƙi shi ne ka sayi man da kanka a wajen dillalin da ke da suna da zai ji tsoron ɓatawa, ka kai gareji a buɗe a gabanka, in an gama ka huda galan ɗin kafin ka bar shi.

9. Me ke sa giya ta yi zafi?

Kwambata ce babbar murhu. Duk lokacin da fankar inji ke gudu fiye da fankar giya, bambancin da ke tsakaninsu zafi yake zama a cikin mai. Idan mota ta miƙe a kan titi da gudu daidai, wani kuloci a cikin kwambata yakan kulle ɓangarorin biyu su zama ɗaya, zamewa ta tsaya, zafi ya sauka. Amma a tashi daga tsaye, a hawa, a yashi, a cunkoso, kulocin a buɗe yake.

Injin dizal ya ƙara wa abin nauyi saboda ƙarfin murɗarsa tun daga ƙasa yake zuwa. A ma'aunin ƙarfin murɗa, 1KD yana ba da kimanin Nm 343, 1GD mai otomatik ya fito da 450, aka ɗaga shi zuwa 500 a 2020. Direba zai ji mota tana ja da buhu talatin ba tare da inji ya yi kuka ba, sai ya ɗauka lafiya lau, alhali man giya ne ke shan wahalar. Ƙara da zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda iskar da ake so ta sanyaya lagireto ita kanta ta haura digiri 40. Manyan tayoyi da suka wuce na asali suna ƙara zafi, haka ƙarancin mai, haka lagireton da ƙura da ƙaiƙayi suka toshe.

10. Digiri nawa ne lafiya, nawa ne haɗari?

A zafin man da ke cikin tasar ƙasan giya, 70 zuwa 95 shi ne gida. Haura 100 na ɗan lokaci a kan hawa da kaya ba abin tashin hankali ba ne, muddin ya sauko bayan an gama hawan. Idan ya zauna a 110 a tafiya ta yau da kullum, akwai abin da ba daidai ba. Daga 120 sai a nemi gefen hanya.

Akwai tsohon lissafi da masu gyaran giya ke yi: daga wajen digiri 80, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar mai gida biyu. Man zamani ya fi na da juriya, saboda haka kada a riƙe shi kamar aya, amma ma'anarsa tana nan. Zafi ba ya kashe giya rana ɗaya. Mai yakan dafu a hankali, ya yi duhu, ya bar datti a ƙananan ƙofofi, robobi su ƙandare su fara sakin matsi, faifai su fara zamewa, zamewar ta ƙara zafi. Ranar da mota ta ƙi tafiya, aikin wata da watanni ne ya bayyana. Sanyi ma ba alheri ba ne kacokan: man da bai kai zafin aiki ba yana da kauri, kuma kwamfuta takan hana kwambata kullewa sai ya ɗumama.

11. Allurar zafi a dashbod tana tsakiya kullum. Bai isa ba?

Wannan allura ta ruwan inji ce, ba ruwanta da giya. Kuma an tsara ta ta zauna a tsakiya cikin faɗin zafi mai yawa don kada ta riƙa tsorata direba. Giya za ta iya kaiwa 120 allurar ba ta motsa ba.

Fitilar gargaɗi ta A/T OIL TEMP, ko saƙon da ke fitowa a allon sababbin motoci, ihu ne bayan hari. Ba ta kamawa sai zafi ya wuce inda mai ya riga ya fara lalacewa. Wanda ke jiran ta kafin ya sassauta ƙafa ya makara. Wasu fikof na Amurka suna nuna zafin giya da lamba a dashbod, Hilux ba ta yi, sai ka nemo da kanka.

12. Ta yaya zan riƙa ganin zafin giya ina tafiya?

Motar ta riga ta san zafin, nuna maka ne ba ta yi. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16 da ake kira OBD2. Ana soka wata 'yar na'ura irin ELM327 wadda ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai a buɗe manhaja kamar Car Scanner, OBD Fusion ko Torque Pro. Zafin giya ba ya cikin bayanan gama-gari da kowace mota ke bayarwa, dole a zaɓi bayanan Toyota na musamman a cikin manhajar, wasu lokuta da ɗan ƙarin kuɗi. Wanda ba ya son ɗaure wayarsa, akwai ScanGauge, ƙaramin allo da ake mannawa a dashbod ya zauna dindindin.

Tsofaffin Vigo masu dizal wasunsu ba sa jituwa da na'urori masu araha, saboda harshen kwamfutarsu na Toyota ne zalla. Gwada kafin ka biya. Idan ta ƙi, sai a saka geji mai nasa sensa a kan tiyon da ke fitar da mai zuwa lagireto. Bindigar auna zafi da ake haskawa a jikin tasa tana ba da ƙiyasi, amma takan nuna ƙasa da gaskiya, kuma sai an tsaya. Sannan a cire 'yar na'urar idan mota za ta kwana biyu a ajiye, wasunsu suna shan batir.

Makon farko kada ka yi komai sai kallo. Ka san lambar da motarka ke zama a cikin gari, a babbar hanya, da rana, da dare. Ranar da ta bar ɗabi'arta, za ka gane tun kafin ta kai lambobin tambaya ta 10.

13. Manhaja tana nuna min zafin giya guda biyu. Wanne zan bi?

Giyar Toyota mai hawa biyar da mai shida suna da sensa biyu. Ɗaya na auna man da ke wajen tasa, ɗaya na auna wanda ya fito daga kwambata. Na kwambata mai saurin fushi ne: taka mota a hawa ka ga ya yi tsalle da digiri 15 ko 20 cikin minti ɗaya, kwambata na kullewa ya faɗo. Na tasa a hankali yake hawa, a hankali yake sauka, shi ne ke faɗin halin da man gaba ɗaya yake ciki. Lambobin tambaya ta 10 nasa ne.

Na kwambata kuma malamin tuƙi ne. Idan lambobin biyu suna kusa da juna, kwambata a kulle take. Idan sun rabu da nisa, tana zamewa, sai ka sauke giya ko ka ɗaga ƙafa.

14. Na'urata tana nuna 200. Giyar ta ƙone ke nan?

Duba harafin da ke gefen lambar. Idan F ne, ma'aunin Amurka ne. Cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9. Digiri 200 nasu 93 ne namu, 220 kuma 104, 250 kuma 121. A canza shi a saitin manhaja a huta.

15. Zafi ya hau ina kan hanya. Me zan yi, kuma yaya zan hana shi hawa?

Fara da sauke giya da rage gudu. Idan bai sauko ba, ka tsaya a wuri mai aminci, ka sa P, ka bar inji yana aiki. Kada ka kashe. Famfon man giya da inji yake juyawa, in ka kashe, man zai tsaya cik a cikin kwambata mai zafi ba ya zuwa lagireto. Kashe esi, ka jira lamba ta sauko ƙasa da 100, ka leƙa ƙasa ko mai na ɗiga. Watsa ruwan sanyi a jikin giya mai zafi ba dabara ba ce.

Wajen hanawa, babban sirrin shi ne giya ta huɗu. A A750F da AC60, ta huɗu ce ke juyawa ɗaya da ɗaya da inji, na sama da ita na rage shan mai ne a miƙaƙƙen titi. Da kaya mai nauyi ko tirela, idan ka bar ta a D, za ta riƙa kai-kawo tsakanin giyoyin sama, kowane canji kwambata ta buɗe. Ja sandar zuwa S ka tsayar da ita a 4. Inji zai ɗaga murya, dizal zai ɗan ƙaru, zafin giya zai sauka a gaban idonka. A hawa mai tsayi irin Hawan Kibo ko hawan Mambila zuwa Gembu, sauka zuwa 3 ko 2 tun daga gindin dutse, kada ka jira sai mota ta fara nishi. A gangara ma ƙaramar giya ce ke ceton birki.

Yashi ya fi komai dafa mai. Masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku sun san rage iskar taya, amma da yawa suna barin mota a H4, ja da ƙafa huɗu na gudu, suna ta taka ta tana rarrafe. A yashi mai zurfi da tafiya a hankali, L4, ja da ƙafa huɗu na tafiya a hankali, yana ninka ƙarfi kusan sau biyu da rabi ta hanyar haƙora, sai kwambata ta huta. In mota ta kafe, daina jijjiga ta tsakanin D da R da ƙarfi, minti biyar na wannan ya fi tafiyar yini illa. A cunkoson da ba ya motsi, sa N. Kuma kada ka riƙe mota a kan tudu da totur, aikin birki ne.

16. In ƙara wa giya nata lagireto?

Auna tukuna. Idan mako biyu na kallo ya nuna tasa ba ta wuce 95, kuɗinka ya huta. Idan kana ja da kaya kullum kana ganin 105 zuwa 110, ƙarin lagireto na giya a gaban na inji yana da amfani ƙwarai. A sa shi a jere bayan na asali, da tiyo na man giya ba na ruwa ba, a ɗaure da kyau, domin tiyon da ya fice a kan gudu zai zubar da man cikin ɗan lokaci. Bayan an saka sai a sake daidaita yawan mai.

Kafin wannan, a duba na asali. Man giya ruwan inji ne ke sanyaya shi, ko ta cikin lagireto ko ta wani ƙaramin akwati da ruwan ke ratsawa. Lagireton da aka shekara ana zuba masa ruwan rijiya ya cika da tsatsa, ko fankar da kulocinta ya mutu, duk giya za su shafa. Cire tamostat da aka mayar al'ada a garejinmu ba ya maganin ko ɗaya daga ciki, ɓoye ciwon yake yi, ya bar inji yana aiki a sanyaye.

17. Motata ba ta da geji. Yaya ake sanin mai ya cika?

Da zafi ake aunawa, shi ya sa na'urar tambaya ta 12 take biyan kuɗinta sau biyu. Mai yana kumbura idan ya yi zafi. A ƙasan tasa akwai noti biyu, na zubarwa da na awo, na awon yana da ɗan bututu a ciki wanda tsayinsa shi ne daidai cikar mai. Ana ajiye mota a wuri mai daidai, inji na aiki, a zagaya da sanda ta kowace giya a dawo P. Idan zafin mai ya shiga tazarar da littafin gyara ya faɗa, wadda a yawancin waɗannan Toyota take wajen digiri 35 zuwa 45, sai a kwance notin awo. In mai ya zubo, a bari ya koma ɗigo a ɗaure. In bai fito ba, a ƙara ta notin gefe.

A ƙasarmu wannan tazara da wuri take wucewa. Motar da ta kwana a Kano a watan Afrilu tana iya wayewa man yana sama da 30, saboda haka aikin sassafe ne. Wanda ya auna da mota mai zafi daga tafiya zai zubar da man da bai kamata ba, ya bar giya da ƙaranci. Akwai hanyar da ake haɗa rami na 4 da na 13 a soket da waya, fitilar D ta nuna lokacin da zafi ya yi daidai, amma rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuskuren ƙirga zai ƙona abu. A bar wa wanda ya saba. Kuma kullum a fara kwance notin zubawa kafin na zubarwa, kada a sauke mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa.

18. Yaushe ake canzawa, kuma da inji ake wankewa ko zubarwa kawai?

Maganar cewa WS na har abada ne, ta ƙasashe masu sanyi ce da tuƙi marar nauyi. Toyota da kanta a Amurka ta ce masu ja da tirela su canza a mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000. Ga zafi da ƙura da lodin da muke yi, ra'ayina kilomita 40,000 zuwa 60,000 ne, wanda na'urarsa ke yawan nuna sama da 100 ya bi ta ƙasa. Ɗiga man a farar takarda: ja ko ja mai duhu lafiya, ruwan ƙasa ya gaji, baƙi mai ƙaurin ƙuna ya riga ya yi ɓarna.

Giyar na ɗaukar kimanin lita 10, amma kwance noti lita 3 ko kusa da haka yake fitarwa, sauran na cikin kwambata da tiyo. Canji ɗaya ya bar kashi 70 na tsohon mai, na biyu 49, na uku kusan 34. Don haka ake yin sau uku da 'yan kwanaki na tuƙi a tsakani. A auna abin da ya fito a mayar da daidai shi, sannan a tabbatar da hanyar tambaya ta 17. Idan an sauke tasa, a wanke maganaɗisun da ke cikinta: laushin toka-toka ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli labari ne marar daɗi.

Giyar da ta yi kilomita dubu ɗari biyu ba a taɓa taɓa ta ba, kada a haɗa ta da injin wanki mai matsi ko a zuba mata sinadarin wankewa, garin gyaran gira a rasa ido. A bi ta da kaɗan-kaɗan. Idan kuwa ta riga ta fara zamewa, sabon mai ba zai mayar da faifan da suka cinye ba. Daga nan ne zancen "canza mai ya kashe min giya" ya samo asali, alhali an kai ta gareji ne bayan ta fara mutuwa.

19. Man ya koma kamar madara mai ruwan hoda. Mene ne wannan?

Ruwa ya shiga. Ko dai bututun man da ke cikin lagireto ya fashe ruwan inji ya gauraya da shi, ko an ratsa kogi da damina ruwa ya shiga ta bututun numfashin giya. Matsalar lagireto ta shahara a Nissan Frontier da Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 a Amurka, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton, amma kowace tsohuwar mota mai irin wannan tsari tana iya yi. Buɗe murfin lagireto idan inji ya huce, in ka ga mai yana yawo a saman ruwa, ka samu amsa.

Kada a tuƙa ta ko zuwa gareji, a ja ta, kuma a ɗora ta a kan mota ko a cire farfela, domin jan otomatik da tayoyi a ƙasa inji a kashe yana juya cikin giya babu mai. Ruwa yana narkar da gam ɗin da ya riƙe fatar faifai. Idan an gano da wuri, sabon lagireto da canjin mai sau da yawa a jere na iya cetonta. Idan an yi kwanaki ana yawo da ita a haka, sai dai a sauke giyar a buɗe.